An Sace Mini Sitiyari

Tsawon bidiyon minti bakwai ne da daƙiƙa goma sha ɗaya. Na haddace ne saboda na kalle shi ya fi sau talatin, kuma duk lokacin da na kunna sai in sa rai wannan karon mutumin da ke ciki zai waiga hagu. Har yanzu bai waiga ba. Mutumin ni ne, yau kwana tara ke nan, a wani gareji da ke Mushin cikin Legas, sanye da farar shadda da hula zanna, ina kururuwar an yi mini sata.

Shekara tara na yi a Nottingham ta ƙasar Ingila, huɗu ina karatu, biyar ina koyarwa. Da na tashi dawowa gida a ƙarshen 2023 na sayar da gado da kujeru da firji, tukwane kuwa kyauta muka rabar, amma da aka zo kan mota sai zuciya ta ƙi. Toyota Avensis ce ƙirar 2013, ruwan toka, wadda aka haɗa a masana'antar Burnaston kusa da Derby, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga ƙofar gidana, shi ya sa nake ce mata 'yar unguwarmu. A cikinta na kai uwargida asibiti haihuwa sau biyu. Kowace shekara sai an kai ta gwajin lafiyar mota da suke kira MOT, ba ta kuma taɓa ba ni kunya ba. Wani dillali ya zo ya zagaya ta, ya bugi taya da ƙafa, ya yi mata tayin da ko akuyar gidanmu aka yi wa shi sai an raba faɗa. Nan take na rantse da ita zan koma.

Uwargida ta ce a sayar, in mun isa gida mu nemi 'yar Kwatano kamar kowa. Wani abokina likita ya ce, "To sitiyarin fa? Nata a dama yake." Na ce ai ina ganin irinsu jefi-jefi a titunan Kano, ban kuma ji an ce sun kashe kowa ba. Iyakar shawarar da na yi a kan sitiyari ke nan, ba ta kai minti ɗaya ba.

Abin da ya cinye mini watanni shi ne ɓarayi. Duk wanda ya ji zan aika mota Legas sai ya gyara zama ya ba ni labarin ɓerayen tasha. Wannan an cire masa rediyo, wancan madubai, wani safaya taya da jak, wani kuma ƙwaƙwalwar motar aka zare ɗungurungum, ya biya kuɗin fito a kan gangar jiki. Akwai wanda ya rantse mini cewa ɗan'uwansa ya buɗe bonet ya tarar da bulo a mazaunin batir. Na haɗiye su duka ba tauna. Na ɗauki hoton motar ciki da waje, hoto ɗari da wani abu. Na buɗe littafi na rubuta duk abin da ke kwancewa a jikinta. Na sayi ɗan gwangwanin farin fenti na bi ina ɗiga alama a wuraren da ɓarawo ba zai duba ba: ƙarƙashin jak, bayan madubi, cikin murfin tanki, har da ƙasan sitiyari, inda na rubuta harafin farko na sunana. Uwargida tana kallona ta taga tana girgiza kai.

Sauran aikin takarda ne da kuɗi. Na cike ɓangaren takardar mallaka, V5C, da ake aika wa hukumar lasisin can a shaida mata mota ta bar ƙasar ba dawowa. Aka rage mai ya koma ɗan kaɗan, aka cire kan batir, na cusa katan shida na littattafai da kekunan yara biyu da wani ƙaton bargo mai laushi da na saya wa Hajiyarmu, aka tura ta cikin kwantena aka ɗaure. A watan Oktoba jirgi ya tashi da ita daga Tilbury, a bakin kogin Thames. Ta Kwatano ba hanya, tunda tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, don haka tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas ta nufa. Dokar tsufa kuma ba ta kama ta ba: an ce kada ta wuce shekara 12, ita tana da 10.

Ejan ɗina wani Alhaji ne da surukina ya haɗa mu, ya shekara talatin yana fiton kaya a Legas. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba sai murya, ita ma muryar kullum tafe take da hon ɗin tireloli. Shi ya fara koya mini cewa rangwamen da ake yi wa wanda ya zauna waje wata tara ko fiye ya tsaya ne a kan kayan amfaninsa, su littattafai da bargo. Mota kam sai ta biya. A lokacin kashi 20 ne kuɗin fito, kashi 15 wani haraji na daban, kashi 7.5 na VAT, da 'yan ƙanana masu bin bayansu kamar 'yan rakiyar amarya. Ba a kuma damu da nawa ka saya ba. Lambar jikin motar ake bugawa a kwamfuta, ita ta faɗi darajarta da dala, sannan a juya dalar zuwa naira. To a nan gizo ke saƙar. Tun watan Yuni da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, farashin dalar da ake lissafin fito da shi bai zauna wuri ɗaya ba. Duk wayar da za mu yi da Alhaji kalma ɗaya ce ke fara fitowa. Canji ya tashi. Canji ya sake tashi. Dakta ka hanzarta kafin canji ya motsa.

Saboda haka ranar da ya kira ni a farkon Disamba, ina Kano ina fama da neman wa yara makaranta, ya ce, "Dakta, ta fito, alhamdu lillahi. Saura kuɗin canji, dubu ɗari bakwai da hamsin. Ka san irin taka ba ta hawa titi sai an yi canji," ban yi wata-wata ba na ce, "Na sani mana, Alhaji."

Tattalin arziki fa na karanta, kuma kundin digirina na uku, shafi ɗari uku da 'yan kai, kacokan a kan canjin kuɗi yake. Ba a kawo mini maganar canji in yi shiru. Na tsare bawan Allah minti ashirin a waya ina masa bayanin abin da ke kayar da naira, da bambancin farashin banki da na Wapa, da abin da zan yi da ni ne a Babban Banki. Ya saurara har na kai aya, ya ce, "To, Allah ya ƙara ilimi, Dakta." Na tura kuɗi.

Ranar Asabar na sauka Legas. Ƙanin uwargida, mai sayar da waya a Agege, shi ya tarbe ni, kuma tun a hanya ya sanar da ni cewa Yaya ta ce lallai ya ɗauko mata bidiyon haɗuwata da kishiyarta. Alhaji ya ce motar tana gareji ana ƙarasa aiki, na ɗauka batir ne da wanki. Cunkoso ya riƙe mu har rana ta yi ja. Muka isa ana haramar magariba, ga hazo, wani yaro ya miƙo mini makulli a bakin ƙofa.

Daga nan bidiyo ya fara.

Daƙiƙa ashirin na farko ba laifi. Ga ni ina tafe ina taku irin na wanda ya dawo daga Turai da abin nunawa, ina kaɗa makulli. Ga ta can ƙarƙashin rumfar kwano, ƙura ta rufe gilasanta ruf, amma ita ce, har da ɗan karcen da na yi mata a wurin ajiye motoci na wani kanti. Ana ji na ina cewa, "Sannu da hanya, 'yar unguwarmu." Na shafa bonet. Na duba madubi, yana nan. Na nufi ƙofar da na saba buɗewa shekara bakwai, ta dama, na tattare shadda, na yi bisimilla, na zauna.

Hannuwana biyu suka tashi da kansu kamar yadda suka saba, suka kama iska.

Ana ganin wannan sarai ta ƙofar da na bari a buɗe: mutum zaune, hannu biyu a miƙe, yatsu a lanƙwashe, yana riƙe da babu. Daƙiƙa huɗu na yi a haka. Sai ƙafar hagu ta tafi neman kuloci ta taka kafet. Ta dama ta tafi neman birki, ita ma kafet ta taka, sabo ma kuwa, yana ta warin gam. Hannun da ke riƙe da makulli ya shiga soke-soke a inda ramin makulli yake a da, yana ƙwanƙwasar roba. Inda agogon gudu yake, da na mai, da 'yan fitilun nan da na sani kamar fuskar 'ya'yana, babu komai sai baƙar roba sumul, da wata 'yar ƙofa mai marfi a tsakiya.

Na buɗe 'yar ƙofar. Nan ne wurin da ƙannen uwargida suka fi so, suna mayar da shi baya su sake kallo. Na buɗe aljihun gaban mota ina neman sitiyari a ciki. Littafin motar na gani da fakitin tishu. Na rufe. Na sake buɗewa, ko zai canza shawara. Sau uku, jama'a. Mutum mai digiri uku, kowane digiri da buɗewarsa.

A haguna kuwa kaya ne jibge, katan a kan katan tun daga kujera har rufi, an jefa bargon Hajiya a gabansu ya lulluɓe komai har gilashi. Na gan su da wutsiyar ido, ban kuma ga abin mamaki ba, domin a ƙwaƙwalwata nan kujerar fasinja ce, inda uwargida ke zama ta ɗora jaka a cinya. Tsakanin gwiwar hannuna da bargon nan bai kai taki ɗaya ba. Na auna a allon waya. Da na sa ɗan yatsa na ɗaga gefensa, da yanzu ina da sauran mutunci a dangin matata.

Maimakon haka sai labaran ɓerayen tasha suka taso mini gaba ɗaya. Rediyo na yi tsammani, madubi na yi tsammani, ashe ni nawa ɓarayin manya ne. Kuma in faɗi gaskiya, a ƙarƙashin firgicin akwai wani ɗan daɗi-daɗi, irin na wanda aka daɗe ana yi wa dariya a kan fenti, yau ga shi gaskiyarsa ta fito.

Salati na fara yi, da ƙarfi. Na yunƙura zan fito, hula ta bugi saman ƙofa ta faɗa cikin baƙin mai, ko kallonta ban yi ba. "Ɓarayi! Sun sace sitiyari! Sun kwashe komai!" Ƙanin uwargida, Allah ya saka masa, ya ga Hausa ba za ta wadatar a Mushin ba, sai ya fassara mini da Yarabanci, "Ole! Ole!" bai kuma sauke wayar ba. Wanda ya san Legas ya san ba a wasa da wannan kalma. Kafin ka ce kwabo gareji ya cika: masu faci, masu fenti, 'yan dako, wata mai burodi da farantinta a ka, da wani ƙato riƙe da guntun bututun salansa yana tambaya ina ɓarawon.

A cikin wannan taro Baba ya bayyana. Dogon tsoho ne mai farin gemu, da kofin shayi a hannu, daga bencin mai shayin bakin gareji ya taso. Daga baya na ji tsohon direban tirela ne da ya ajiye tuƙi ya kama gadi. Bai yi sauri ba. Ya ratsa mutane kamar likitan da aka aika a kira, ya ce, "Ɗana, matsa in gani." Ya sunkuya ta ƙofar da na fito, ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, ya shafa robar da tafin hannu, ya kurɓi shayi.

"Tabbas," in ji shi. "Sun ɗauke. Har birki da totur. Kai, amma wannan ba aikin yara ba ne. Dubi yadda suka shafe wurin, kamar ba da sitiyari aka haife ta ba. Shekarata hamsin a kan titi ban ga sata mai tsabta irin wannan ba."

Wallahi sanyi na ji a raina. Na samu shaida, kuma masani.

"Da farko kada kowa ya taka nan," ya nuna ƙasar da mutum arba'in suka riga suka tattake. "A ɗebi ƙasar sawunsu a ƙulle a leda, akwai malami a Agege." Wani yaro ya duƙa ya fara ɗiba. Sawun takalmina ya ɗebo.

Wani daga baya ya ce ko dai irin motocin Turai ɗin nan ce masu tuƙa kansu. Baba bai yi watsi da zancen ba, ya juya shi a baki tare da shayi. "Yana yiwuwa. Ɗana, yi mata Turanci mu gani." Ban yi ba, amma a bidiyon ana ganin leɓena ya motsa.

"To bari," ya ce. "Kada ka tayar da hankalinka a kan sitiyari. Sitiyari ado ne. Mu da muka yi tuƙi lokacin da tuƙi yake tuƙi, na taɓa baro Jebba da lodin goro, sitiyari ya fita a hannuna kamar faifai. Sifana na ɗaura a kan sandar, da ita na shiga Kwantagora."

Na ce, "Baba, ai sandar ma babu."

Ya sake leƙawa. "Haka ne, babu. To igiya. A ɗaura ɗaya a tayar gaba ta dama, ɗaya a ta hagu, a zuro su ta taga. Raƙumi da me ake juya shi?"

"Birki fa, Baba?"

"Wa ya ce ka yi gudu?"

Abin da ya fi ƙona mini rai idan ina kallo shi ne fuskata a daidai nan. Gyaɗa kai nake yi. Duk wanda ya san ni ya san fuskar da nake yi idan ɗalibi ya kawo hujja mai ƙarfi, to ita ce. Ina auna maganar igiyar.

Ya rage murya ya ja ni gefe, wayar ta biyo mu. "Abin da ya fi, ka ruga kasuwa yanzu kafin su tashi. Kayanka suna can, ko hucewa ba su yi ba. Amma kada ka je da wannan shaddar, kada kuma ka nuna naka ne. Ka taya kamar ba ka so. Ka ga ribar a nan ita ce, tunda naka ne za su sayar maka, ba ka da shakkar ko zai shiga." Sai ya saki hannuna ya juya wajen taro ya ɗaga murya yadda na bayan katanga ma zai ji: "In kuma ba su fito da shi ba, a bar ni da su. Yasin za a yi. Duk wanda ya ɗauka, kafin asuba!"

Ana haka mai garejin ya fito daga ƙarƙashin wata bas, gajere kakkaura, yana goge hannu da tsumma. Yaransa suka yi masa bayani da Yarabanci. Ya dube ni, ya dubi motar, ya sake dubana. Ni kuwa na samu wanda zan sauke wa. Da Turanci na fara, irin wanda ake yi ta hanci: na faɗa masa ko ni wane ne, na ambaci lauya, na ambaci hotuna ɗari da wani abu, na ce kowane noti na jikin motar nan a rubuce yake. Da Turancin ya ƙare sai na juya wajen ƙanin uwargida na koma Hausa, tunda a ganina ba mai ji sai mu da Baba. Ba zan maimaita duka ba, Hajiya ta riga ta yi mini faɗa a kai. Amma na ce a dubi idonsa. Na ce da ganin wannan ka ga tsohon hannu. Na kuma faɗi wata magana da ta haɗa tumbinsa da kuɗin sitiyarin bayin Allah.

Ya bar ni har na yi shiru don kaina. Sannan ya rataya tsumman a kafaɗa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gama, ko da saura?"

Hausa ce ta cikin badala, wadda ta fi tawa, don tawa ta sha sanyi shekara tara. "Ni a Ayagi aka haife ni," ya ce. "Kakana ma a Kano aka binne shi. Bismilla, zo ka gani."

Taku goma sha ɗaya ya yi, na ƙirga. Ya bi ta gaban motar, taron ya dare masa, ya buɗe ƙofar hagu. Ya sauke katan na farko ya miƙa wa yaro, ya sauke na biyu, ya sauke na uku, ba gaggawa. Sannan ya kama gefen bargon Hajiya da yatsa biyu, kamar mai buɗe fuskar amarya, ya yaye.

Ga shi nan. Sitiyari, da agogon gudu a bayansa, da feda uku a ƙasa a jere kamar 'yan makarantar allo. Ya zare makullin daga hannuna, ya zura, ya murza sitiyarin rabin zagaye, sai ga harafin sunana da farin fenti ya juyo sama yana kallona.

Shirun da ya biyo baya daƙiƙa shida ne. Ba ka jin komai a ciki sai kiran salla daga nesa da ƙarar cokalin mai shayi. Mai bututun salansa ya sauke hannu a hankali. Mai burodi ce ta fara, wata irin dariya mai kama da kuka, hannu ɗaya a faranti ɗaya a ciki, daga nan gareji ya ɗauka. Hoton yana ta rawa a wurin, domin mai ɗauka ya durƙushe.

Mai gareji bai yi dariya ba, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo. A tsanake ya lissafa mini abin da dubu ɗari bakwai da hamsin ɗina suka saya, yana nunawa da yatsa. Dashbod na Avensis mai sitiyari a hagu, irin wadda ake hawa a Jamus da Beljiyam, daga kasuwar Ladipo ya samo. Ƙarfen da ke juya tayoyin gaba shi ma sai da aka sayi na hagu, don na dama ba ya kifuwa ya yi aiki. An ciro tukunyar birki da feda an dawo da su wannan gefe, an huda sababbin ramuka a bangon da ya raba inji da ɗaki an toshe tsofaffin, an ƙara wa wayoyi tsawo ɗaya bayan ɗaya, an juya waifa don ta riƙa share gaban direba. Kwana takwas, shi da yara uku. Kafet ɗin da na tattake shi ne aikin ƙarshe, shi ya sa aka kwashe kayan da ke nan aka jibge a kujerar direba kafin gam ya bushe. "Sitiyarin kuwa naka na mayar maka," ya ce. "Na ga an yi masa alama, na ce mai shi yana ji da shi."

Na ce, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, "To wa ya ce a yi?"

Aka kira Alhaji, aka sa shi a sifika don kowa ya amfana. "Dakta, ai canjin ke nan. Dokar hanya ba ta yarda a ba mai sitiyari a dama lamba ba, bare ta hau titi. Na ce maka sai an yi canji, ka ce ka sani. Har ka yi mini karatu." Ya ɗan yi shiru, hon ɗin tirela ya cike gurbin. "Ni ma dai na yi mamakin yadda Babban Banki ya shigo maganar, amma na ce ku masu ilimi kun fi mu hangen nesa."

Ƙasar nan ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama ranar 2 ga Afrilun 1972, zamanin Janar Gowon, don ta daidaita da maƙwabtanta, Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey, waɗanda duk a dama suke tuƙi irin na Faransa. Ghana ta biyo baya a 1974. Wato sanarwar shekara hamsin da ɗaya aka ba ni, tun ba a ɗaura auren iyayena ba. Baba kuwa da shi aka yi, yana yaron mota a lokacin, kuma ya shaida wa taron cewa shi tun ranar bai yarda da wannan canji ba, ga shi yau kowa ya ga abin da ya haifar.

A nan bidiyon ya ƙare. Kafin in kai hannu in ƙwace wayar ya riga ya faɗa zauren dangi na WhatsApp, daga can ya tsallaka na tsofaffin ɗaliban makarantarmu, daga can ya haye teku ya isa wurin abokina likita, wanda bai rubuto komai ba sai hoton sitiyari. Yanzu sunana Dakta Canji. 'Yata mai shekara shida, in ta ga na shigo, sai ta zauna a kujera ta miƙa hannu biyu ta kama iska, ta buɗe durowa sau uku. Hajiya ba ta ce komai a kan motar ba, bargon kawai ta tambaya ko ya taɓa ƙasa. Na kuma bi littafina layi-layi daga baya: jak, safaya taya, rediyo, madubai, ba abin da ya yi ciwon kai. Har fam ɗaya na ƙarfe da nake ajiyewa don kwance keken sayayya a kanti yana nan inda na bar shi.

Abin da ya biyo bayan bidiyon ba a ɗauka ba, da so samu ne in bar shi a Mushin, sai dai mutum arba'in sun gani.

Na ba mai gareji haƙuri da Hausa da Turanci, na ƙara da 'yar Yarabancin da ƙanin uwargida ya raɗa mini. Ya ce ba komai, tumbin dai gado ne. Wani yaro ya miƙo mini hulata tana ɗigar baƙin mai, wani ya miƙo ƙullin ƙasar sawuna a leda, na karɓi duka biyun har da godiya. Sai Baba ya kamo hannun rigata ya ja ni bayan rumfa.

"Ɗana, kada ka yarda da zancensu. Kai yaro ne, ba ka san Legas ba. Yasin ɗin nan da na ambata ita ta kaɗa su. Mayarwa suka yi cikin gaggawa, shi ya sa suka ɗaura a wancan gefen."

Na ce, "Baba, ai muna tsaye a wurin, ba wanda ya matsa kusa da ita."

Ya dube ni da tausayi. "Shi ya sa na ce maka ƙwararru ne."

Na yi masa godiya, na ba shi na shayi. Ba abin da nake so a duniya a lokacin irin in bar wurin. Babbar motar da za ta ɗauke ta zuwa Kano tana jira a bakin titi, aikina kawai in fitar da ita daga gareji. Yara suka mayar da kaya baya, aka goge gilashi, aka wangale ƙofa, taron ya rabu biyu ya ba ni hanya, wasu har da tafi. Na sunkuyar da kai, na saɓa shadda, na yi sauri na buɗe ƙofa na faɗa ciki na ja ta na rufe, na miƙa hannu biyu.

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Baba ne, da kofinsa. Na ɗan buɗe ƙofar.

"Sun kuma?"